Rumbun Tsimin Baba Maitama

A gidanmu na Mahuta rumbu biyu ne. Akwai na ci, wanda ake ɗiba kullum tun daga kaka. Akwai kuma na tsimi, wanda ake cikawa da sussukakkiyar dawa haɗe da ganyen dogonyaro, a liƙe bakinsa da laka, a kifa masa jinka, ba a sake taɓa shi sai damina ta zauna an shiga noman fari, lokacin da hatsi ke wuya a kasuwa kuma aiki ke cin jiki. Dokar surukina ce, Baba Maitama, kuma shekara goma sha ɗaya da na yi a gidan ban taɓa ganin an karya ta ba sai bana.

Baba mutum ne mai tsimi har ya so ya yi yawa. In an ƙyasta ashana ɗaya da safe, to ta ranar ke nan, duk mai son wuta ya je ya ɗebo garwashi. Takalminsa ya sha ɗinki har mai gyaran ya fara ba shi haƙuri. Ni kuwa 'yar mai shago ce daga Funtua, na zo da hannuna a sake, na saba in tuwo ya kwana a watsa wa kaji. Na sha kallo a watannina na farko. Marigayiya Inno, matarsa, ita ta zaunar da ni ta koya mini cire tafi. Duk sa'ad da aka auno hatsin girki, kafin a kai turmi, sai a ɗebi tafi ɗaya a zuba a wata randa da ke bayan ƙofa. Na riƙa yi don kunyarta, da ta rasu kuwa na watsar, randar ta koma wurin ajiye tsummokara.

Ita ce kuma ta gaya mini dalilin da ya sa Baba yake haka. Yana yaro aka yi wata shekarar fari. Mahaifinsa ya riga ya sayar da hatsi da wuri don ya ga farashi ya yi kyau, damina ta same su rumbu wayam. Dusa da ganye suka ci har Allah ya kawo kaka, ƙanwarsa da yake goyo kuwa ba ta kai ba. Tun daga nan Baba bai yarda da kuɗi a aljihu ba, bai yarda da alkawarin kowa ba, sai abin da ya san yana tsaye a tsakar gidansa. Shi da bakinsa yakan ce barcinsa a cikin rumbun can yake.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ga kuma hawan jini. Likitan da muke kai shi wurinsa a Funtua ya ja mana kunne a kiyaye masa ɓacin rai. Amma kullum in ya dawo daga sallar asuba, kafin ya zauna a buzunsa, sai ya lallaɓa da sanda ya je wurin rumbun tsimi, ya dafa shi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa nan da can, daga sama zuwa ƙasa. Mu dariya abin ke ba mu. Mukan ce Baba ya tafi gaida amininsa.

Da yake ba ya iya hawa tsani, mijina ne ke liƙe rumbun. Sunansa Mahadi, na faɗa sau ɗaya ne don ku san shi, daga nan Malam za ku riƙa ji. Malam ba mugun mutum ba ne, yana da ƙwazo, yana da tausayi, illa dai kunnensa na saurin ɗaukar zancen majalisa. Bayan an gama kaka aka cika masa kai da labarin tumatirin rani, wai wane ya yi a fadama bara har ya sayi babur. Abin da ake bukata injin ban-ruwa ne da iri da taki, abin da ba mu da shi kuwa kuɗinsu. Sai ya zo mini da shawara: a ɗebi dawa daga rumbun tsimi a sayar, in tumatir ya nuna a sayo a mayar har da ƙari, Baba ba zai taɓa sani ba tunda ba ya gani.

Na ce masa a'a. Amma gaskiya a'ar tawa ba ta da ƙashi, don ni ma na riga na hango kaina cikin sabon leshi ranar Sallah. Ranar kasuwa, da Baba ya tafi zama rumfar abokinsa Haladu wanzami kamar yadda ya saba, Malam ya hau ya fasa lakar. Buhu bakwai ya ɗebe daga cikin goma sha biyu. Ni na riƙe masa tsani.

Washegari ina madafa ina leƙe. Baba ya je ya dafa rumbun, ya ƙwanƙwasa, ya ɗan daɗe fiye da kullum, sannan ya dawo ya zauna a buzunsa kamar yadda ya saba. Na sauke ajiyar zuciya. Da na kai masa koko ya sha rabi ya ture kwanon, ya ce ya ishe shi. Da daddare ma tuwon rabi ya ci. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce cikin tsoho ya ƙanƙance, in daina zuba masa da yawa ana asara, in rage tun daga awo.

Tumatir ya yi kyau, ba laifi. Matsalar ita ce na kowa ma ya yi kyau, kuma duk rana ɗaya suka ga damar nuna. Kuɗin kwando bai kai kuɗin motar da za ta kai shi Funtua ba. Wasu suka yanka suka shanya a bakin titi, wasu suka bar wa awaki. Injin da aka sayo na hannu shi ma ya zaɓi makon ya tsaya. Ranar da Malam ya dawo daga kasuwa ta ƙarshe, a bakin ƙofar ɗaki ya zauna, ko takalmi bai cire ba. Abin da ya rage a hannunsa bai isa buhu ɗaya ba.

Ya ce zai je ya gaya wa Baba, duk abin da zai faru ya faru. Na tare shi. Na tuna masa maganar likita, na tuna masa ƙanwar Baba da Inno ta ba ni labari. Na ce mutumin da bai da ido, bai da mata, abin da ya rage masa a duniya shi ne ya dafa rumbun nan ya je ya yi barci, mu kuma mu je mu ƙwace masa wannan? Saura wata uku da 'yan kwanaki a buɗe. Na ce mu mayar da abin da muka ɗauka, ko da cokali ne.

A ranar na zazzage tsummokaran da ke randar Inno na wanke ta.

Na koma cire tafi, da farko ɗaya, daga baya biyu. Tuwon da ya kwana ya daina zuwa wurin kaji, ya koma ɗumame. Shayin safe da na saba wa yara da shi tun ina ji da kaina 'yar birni ya koma kunu. Na gano ashe rabin man da nake tuttula wa miya ba dole ba ne, kuma kuka da kuɓewa busasshiya ba su taɓa kashe kowa ba. Malam ya sayar da injin a yadda yake, ya samu wani mai a-daidaita-sahu a Funtua yana karɓar masa tuƙi kwana uku a mako. Can yake wuni a kan rogo da ƙuli, ya dawo da tiya biyu ko uku a leda. Ni na sayar da akuyata, wadda nake ji da ita kamar me.

Sai kuma Allah ya haɗa ni da Sekinat. Tare muka yi firamare a Funtua, Bayarabiya ce haifaffiyar garin, Hausar bakinta ta fi tawa kaifi. Waken suya take bi ƙauyuka tana saye tana turawa kudu, kuma tana neman matan da za su sheƙe mata su tsince tsakuwa. Na ce zan yi, amma da dawa za ta biya ni. Ta dube ni ta ce yaushe 'yar mai shago ta fara ƙin kuɗi? Na ce mata na san halina, in kuɗi suka shigo hannuna da hantsi, kafin la'asar na samo musu aiki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta sake tambayata ba. Duk mako yaran motarta na sauke mini buhunan wake a zaure, kuma na lura in tana auna mini dawar takan bar tiyar ta yi tozo.

Sallah ta zo ta same ni da atamfar bara. Da maƙwabta suka tambaya, na ce tela ne ya saɓa mini alkawari. Allah ya yafe mini, bawan Allah bai ji ba bai gani ba.

Duk ranar kasuwa, da zarar Baba ya fita, sai a jingina tsani, a ɗaga jinka, a fasa laka, a juye abin da aka tara, a sake kwaɓa wata a liƙe. In ranar ta faɗo Malam na Funtua, ni ke hawa. Hawana na farko na ɗaure zani tamau, ina addu'ar kada wata maƙwabciya ta hango ni ta kan danga ta ce matar Mahadi ta haukace. Da na leƙa ciki sai duhu da ƙamshin dawa da ɗacin dogonyaro. Na juye wahalar mako guda, na ji ta zuba can ƙasa, shuu, shi ke nan. Kamar ban zuba komai ba. A kan tsanin na yi kuka, na share hawaye da gefen mayafi na sauko na kwaɓa laka.

Amma abin mamaki, da tafiya ta yi tafiya sai na fara jin daɗin abin. Da can kullum raina na kan abin da babu, wance ta sayi kaza, wance ta canza kujeru. Yanzu in na kwanta randar bayan ƙofa nake tunawa, in ji ta ɗan ƙara nauyi a kan jiya, sai barci ya ɗauke ni. Yara ba su rame ba. Malam ya rage zaman majalisa don ba shi da lokacinta. Gidan ya yi wani irin shiru mai daɗi, irin na mutanen da suka san abin da suke yi.

Baba ne kawai ya dame ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Goron da ba ya rabuwa da shi ya ce ya daina, wai haƙori. Na sa Malam ya kai shi asibiti, aka duba aka ce ba wani sabon ciwo, jinin ma ya ɗan sauka. Na yi masa fate, na yi masa dambu, ko me na kai rabi yake ci ya ce alhamdulillahi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin ragin, don abin da Baba ya bari ma randa yake tafiya.

Gaisuwar amininsa kuwa ba ta fasa ba, sai ma ta ƙaru. Ya koma zagayawa bayan rumbun, ta wajen danga inda ba mai bi, ya daɗe a can. Ranar kasuwa kuma tun da hantsi yake shiri, ya tambaye ni, yau kasuwa ce ko, in ce e, ya ce to shi sai bayan la'asar. In ya dawo sai ya tsaya a zaure ya yi ta gyaran murya da buga sanda kafin ya shigo. Na ɗauka tsufa ne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, masara da dawa suka tsiro, ciyawa ta biyo su. Rumbun ci ya kai ƙasa, har ina sharo shi da tsintsiya. Wata ranar Talata bayan azahar Baba ya ce gobe za a shiga noman fari, a buɗe rumbun tsimi da safe. Ni da Malam muka dubi juna. Duk fafutukar da muka yi, abin da muka mayar bai wuce buhu huɗu ba. Saura uku, kuma ba inda za su fito kafin gobe.

Yadda ake yi kowace shekara shi ne Baba ya tsaya a gindin tsani, Malam ya hau ya fasa, Baba ya tambaya yaya ya same shi, Malam ya amsa da cewa yadda aka bar shi. Daga nan a ɗebo ƙwaryar farko a kai wa maƙwabta sadaka. Tun asali Baba ba ya leƙawa, maganar ɗansa ta ishe shi. Na san da Malam zai faɗi kalmomin nan uku, da an wuce wurin.

Da safe aka jingina tsani. Malam ya hau, ya ɗaga jinka, ya fasa lakar da ni na liƙa da hannuna kwana huɗu da suka wuce.

"Yaya ka same shi?" in ji Baba.

Malam ya leƙa ciki. Ina tsaye a ƙofar madafa da ƙwarya a hannu, ina jin kukan kaji da ƙarar wani babur can a hanya.

"Baba, ba yadda aka bar shi yake ba."

Ya sauko ya tsuguna a gaban mahaifinsa ya faɗi komai, tun daga zancen majalisa har zuwa injin da ya mutu. Bai ambaci sunana ba. Na ajiye ƙwaryar na zo na durƙusa a gefe, na ce Baba ku yafe mini, ni na riƙe tsanin, kuma ni na hana a gaya muku. Idona na kan ƙafafunsa, ina jiran in ga sun yi rawa.

Ba su yi ba. Ya ce mu tashi mu biyo shi. Ya lallaɓa ya zagaya bayan rumbun, muka bi shi ta cikin 'yar hanyar da ke tsakaninsa da danga. Ya laluba bangon da tafinsa har ya samu abin da yake nema. Zane-zane ne ƙanana da aka karta da ƙusa, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, sun taso daga daidai cinyarsa har zuwa ƙirjinsa.

Ya ƙwanƙwasa ƙasa da zanen ƙarshe, sautin ya fito a toshe. Ya ƙwanƙwasa sama da shi, ya yi amo irin na tulun da ba ruwa.

"Ido ne ya tafi," ya ce. "Kunnen na nan. Ku kuna cewa gaisawa nake zuwa yi."

Ya sa yatsa a zanen da ya fi kowanne ƙasa, ya ce nan ya same shi washegarin ranar da aka ɗiba. Malam ya tambaye shi me ya sa bai yi magana ba. Baba ya ce da farko jira yake ɗansa ya zo da kansa. Ya ce fiye da wata biyu dawar na tsaye a wurin nan, shi kuma bai san barcin kirki ba, in ya rufe ido ƙanwarsa yake gani. Har ya yanke shawarar ya tara 'yan'uwa ya raba gandun, kowa ya ji da kansa. Sai wata safiya bayan kasuwa ya ƙwanƙwasa ya ji wurin ya toshe. Ya ɗauka kunnensa ne, ya samo ƙusa ya yi alama. Mako na zagayowa ya ji ta ƙara yatsa biyu.

"Shekara hamsin ina ƙwanƙwasa rumbu," ya ce. "In dai ya motsa, ƙasa yake yi. Ban taɓa jin ya hau ba sai bana."

Ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Najiba, ashe kin iya hawa tsani."

Na rufe fuska da mayafi. Ya ce lakar da Malam ke liƙawa daban, tawa daban, har daga ƙasa yana jin yadda nake ta daddaɓa ta kamar mai gyaran murhu. Sannan ya ce wani abu da ban taɓa zaton yana ransa ba. Ya ce shi ba ƙarewar dawa ce ke hana shi barci a shekarun nan ba, don ya san kwanansa sun fi dawar kusa da ƙarewa. Tunaninsa kullum shi ne in ya tafi ya bar gidan da aka iya ɗiba ba a iya mayarwa ba. Ya ce tun daga zane na uku yake barci har sai ladan ya tashe shi.

Malam ya ce saura buhu uku. Baba ya ce ya sani, ai ga shi a bango. Ya ce yadda muka koyi ci a watannin nan, abin da ke ciki zai kai mu sabuwar masara har a yi saura. Ya ce a ɗebo ƙwaryar sadaka kada rana ta yi, ga ma'aikata na jira a gona.

Malam ya koma kan tsani ya miƙo mini ƙwaryar cike. Na juya zan fita da ita ke nan Baba ya kira ni. Ya riga ya koma kan buzunsa, ya jingina sanda a bango.

"In kin dawo, yau ki cika mini kwano," ya ce. "Wata shida ke nan ina jin yunwa."

Na tsaya da ƙwarya a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Duk rabin tuwon nan da nake kwashewa daga gabansa ina murna a ɓoye, duk goron da aka ɗora wa haƙori, ashe da saninsa yake tura mini su randa. Kunya da tausayi suka kama ni. Na ce masa to, Baba.

Na kai sadakar na dawo na shiga madafa, na tuƙa tuwo ina share ido da bayan hannu. Na buɗe kwalbar man da nake ta lallaɓawa tun kafin Sallah na zuba wa miyar ba tare da na auna ba. Na cika masa kwano har murfin ya ƙi rufuwa. Ya cinye tas, ya sa yatsa ya share miyar, sannan ya tambaya ko akwai mai zuwa bakin kasuwa ya sayo masa goro.